Yadda Ake Rubuta Ninkin Lambobin Mara da Faktoriyel: Jagora ga Ƴan Tarminal da Ƴan Shekarar Farko a Jami'a

Kowace shekara, da zarar zafin bazara ya kankama a Maraɗi, ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, kuma suka duƙufa kan shirin jarrabawar bak, akwai tambayar da ba ta fashi a darasin yamma da nake yi wa yaran unguwarmu. Wani zai buɗe kaye, wato littafin rubutunsa, ya ɗora yatsa kan layi irin wannan:

1 × 3 × 5 × 7 × … × (2n − 1)

ya ce: "Mushe, an ce mu rubuta wannan da faktoriyel, alhali rabin lambobin ba su nan. Ta ina za a ɓullo masa?"

Ina son wannan tambaya, domin mai yin ta ya riga ya hango inda gizo ke saƙa: rabin lambobin ba su nan. Abin da ya rage masa shi ne ya san yana da ikon kawo su da hannunsa. Yawancin ɗalibai haddace amsar suke yi, ranar jarrabawa kuma haddar ta watse: wannan ya rubuta 2n a inda 2ⁿ ya kamata, wancan ya manta da n! ɗin ƙasa ɗungum. Ni abin da nake so ya zauna muku a hannu aiki ne guda: ka aro lambobin da babu, ka cike gurabensu, sannan ka biya abin da ka aro. Wanda ya iya wannan, ko an canza masa farkon layin ko an canza ƙarshensa, cikin layi uku zai fitar da amsa ba tare da ya tuna wata ƙa'ida ba.

Mu daidaita kalmomi tukuna

Lambobin mara su ne 1, 3, 5, 7, 9 da ƴan uwansu, waɗanda in ka jera su biyu-biyu sai guda ta yi saura ba abokiya. A aji "amper" muke ce musu. Lambobin cika kuwa su ne 2, 4, 6, 8, wato "per". Kowace lambar cika ana iya rubuta ta 2k, ta mara kuma 2k − 1: in k ta zama 1 ka sami 1, in ta zama 2 ka sami 3, in ta zama 5 ka sami 9.

Faktoriyel na n shi ne ka ninka lambobi tun daga 1 har zuwa n, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Misali 5! = 1 × 2 × 3 × 4 × 5 = 120. Alamar motsin ran nan da ake sa wa a bayan lamba, wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Christian Kramp ne ya shigo da ita a shekarar 1808, ta kuma zauna har yau. An kuma yi ittifaƙi cewa 0! = 1, kuma za mu ga amfanin hakan nan gaba.

Abu guda da nake roƙon ku tun yanzu: ku kula da baka biyu. (2n)! daban, 2n! daban. In n = 3, na farko 6! ne, wato 720. Na biyu kuwa 2 × 3! ne, wato 12. Na sha ganin kwafin da tunanin mai shi daidai ne tun daga sama har ƙasa, amma rashin baka biyun nan ya cinye masa maki.

Mataki na farko: ƙirga lambobin da ke layin

Kafin ka taɓa komai, ka san lambobi nawa ake ninkawa. In layin ya fara daga 1, ka ɗauki ta ƙarshe, ka ƙara mata 1, ka raba biyu. A 1 × 3 × 5 × 7 × 9, ta ƙarshe 9 ce. 9 da 1 goma, rabin goma 5. Lambobi 5 ke nan, n = 5. In layin ya tsaya a 99, n = 50. In ya tsaya a 2n − 1, lambobi n ne cif. Ka rubuta wannan a gefen takarda, domin shi ne zai gaya maka biyu nawa za ka fitar a mataki na uku.

Mataki na biyu: cike gurabe

Wanda ya taɓa bin hanyar Tibiri ko ta Madarunfa da damina ya ga yadda manomi ke shuka gero ya tsarma wake a tsakani: ramin gero, ramin wake, ramin gero, ramin wake. Faktoriyel cikakkiyar kunya ce, da geronta da wakenta. Layin da aka ba mu kuwa geron ne kaɗai. To sai mu shuka waken da kanmu don kunyar ta cika, daga baya mu tuge shi.

Mu ɗauki 1 × 3 × 5 × 7 × 9. Waɗanda babu su ne 2, 4, 6, 8, sai mu ƙara da 10 don kowace mara ta sami abokiyarta ta cika. In muka zuba su ciki, mun sami 1 × 2 × 3 × … × 10, wato 10!. Sai dai yanzu lissafinmu ya ƙaru da abin da ba namu ba, dole a mayar. A nan wasu ke tuntuɓe, su ce za su ɗebe. A'a. Abin da ya shiga ta hanyar ninkawa, ta hanyar rabawa yake fita. Ka ara a sama, ka biya a ƙasa:

1 × 3 × 5 × 7 × 9 = 10! / (2 × 4 × 6 × 8 × 10)

Ba mu canza komai ba, mun ninka da wata lamba ne muka kuma raba da ita. A jumlace:

1 × 3 × 5 × … × (2n − 1) = (2n)! / (2 × 4 × 6 × … × 2n)

Rabin aikin ya ƙare. Saura mu gyara na ƙasan.

Mataki na uku: fitar da biyu daga kowace lambar cika

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka za mu ɗan zauna a kai.

Kowace lambar cika tana ɗauke da 2 a cikinta: 2 = 2 × 1, 4 = 2 × 2, 6 = 2 × 3, 8 = 2 × 4, 10 = 2 × 5. Ku rubuta su haka a kaye, kada ku yi da ka:

2 × 4 × 6 × 8 × 10 = (2 × 1) × (2 × 2) × (2 × 3) × (2 × 4) × (2 × 5)

Tun da duk ninkawa ce, muna iya sake jera su yadda muka ga dama. Mu tara biyu-biyun gefe guda, sauran gefe guda:

(2 × 2 × 2 × 2 × 2) × (1 × 2 × 3 × 4 × 5) = 2⁵ × 5!

Biyu guda biyar, saboda lambobin cika biyar ne, kowace ta ba da tata. Shi ya sa na ce ku ƙirga tun farko. Saboda haka:

2 × 4 × 6 × … × 2n = 2ⁿ × n!

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne a rubuta 2 × n! maimakon 2ⁿ × n!. Na daɗe ina neman tushen wannan kuskure, har wata ɗaliba ta warware mini shi da bakinta. Ta ce: "Mushe, ai a 2 + 4 + 6 sau ɗaya muke fitar da 2, mu rubuta 2 × (1 + 2 + 3). Me ya sa a nan ba haka ba?" Gaskiyarta, a tarawa haka ne, kuma tun ƴan koleji hannunku ya saba da wannan. Amma ninkawa ba tarawa ba ce. A tarawa, 2 guda da ke bakin baka biyu tana shiga ta taɓa kowa. A ninkawa kuwa, 2 guda lamba ɗaya tak take iya ninkawa, sauran su zauna yadda suke. Ku gwada da ƙanana ku gani: 2 × 4 × 6 = 48. In ka ce 2 × 3!, ka sami 12. In ka ce 2³ × 3!, ka sami 8 × 6 = 48. Tun ranar, duk ajin da na shiga, sai na rubuta layin tarawa da layin ninkawa kusa da juna a allo kafin in ci gaba.

Mataki na huɗu: haɗa, sannan gwada

Mu mayar da abin da muka samu ƙasa:

1 × 3 × 5 × … × (2n − 1) = (2n)! / (2ⁿ × n!)

Kada ku tashi daga nan sai kun gwada. In n = 2, hagu 1 × 3 = 3, dama 24 / (4 × 2) = 3. In n = 3, hagu 15, dama 720 / (8 × 6) = 15. In n = 5, 10! = 3 628 800, ƙasa kuma 32 × 120 = 3 840, rabawar ta ba da 945, kuma 1 × 3 × 5 × 7 × 9 lalle 945 ne. Gwaji da n = 1 kaɗai bai isa ba, domin 2 × 1! da 2¹ × 1! duk 2 suke bayarwa, kuskuren sai ya ɓuya. Har n = 2 ma yana iya ruɗin wanda ya rubuta 2n a gurbin 2ⁿ, tun da duk 4 ne. Ku gwada da n = 3, shi ne ƙaramin da ke tona asirin kowane kuskure, kuma bai fi daƙiƙa ashirin ba.

Yana da kyau ido ya saba da jerin: 1, 3, 15, 105, 945, 10 395, 135 135, 2 027 025. In ka ga 105 ko 945 a tsakiyar wani lissafi, ka san ninkin mara na nan kusa. In kuma n = 0, ƙa'idar ta ba da 0! / (2⁰ × 0!) = 1, abin da ya dace da layin da babu kowace lamba a cikinsa.

In tambayar ta ce a kafa hujja ta hanyar rekirans, wato a nuna in ƙa'idar ta yi a n za ta yi a n + 1, ba wani dogon aiki ba ne. Ka nuna n = 1 ya yi. Sannan ka ɗauki (2n + 2)! / (2ⁿ⁺¹ × (n + 1)!), ka buɗe sama ya zama (2n + 2) × (2n + 1) × (2n)!, ka buɗe ƙasa ya zama 2 × (n + 1) × 2ⁿ × n!. Tun da 2 × (n + 1) shi ne 2n + 2, sai su share juna, a bar (2n + 1) × (2n)! / (2ⁿ × n!). Wato tsohon ninkin an ƙara masa lambar mara ta gaba, abin da ake nema ke nan.

In an canza ƙarshen layin

Masu tsara jarrabawa suna son tsayar da layin a 2n + 1. Yanzu lambobin mara n + 1 ne, amma gurabe na tsakani n ne: 2, 4, har 2n. Cike su kawai ya isa, ba sai ka ƙara wata a wutsiya ba:

1 × 3 × 5 × … × (2n + 1) = (2n + 1)! / (2ⁿ × n!)

Gwaji da n = 2: 1 × 3 × 5 = 15, kuma 120 / (4 × 2) = 15.

Wannan ya nuna cewa amsar ba siffa ɗaya gare ta ba. Misalinmu na 9 ma, da mun tsaya a 9 ba mu ƙara 10 ba, da mun sami 9! / (2⁴ × 4!) = 362 880 / 384 = 945. Duka daidai ne. Don haka in amsarka ba ta yi kama da ta abokinka ba, kada ka yi saurin gogewa; ku sa n = 3 ku gani ko lamba ɗaya kuke samu.

In layin bai fara daga 1 ba

A ce an ba ka 9 × 11 × 13 × 15 × 17. Aikin bai sake ba. Cike gurabe da 10, 12, 14, 16, 18, sai ka sami 9 × 10 × 11 × … × 18. Wannan 18! ne da aka yanke wa kai, daga 1 zuwa 8, wato 18! / 8!. Abin da ka aro kuwa: 10 × 12 × 14 × 16 × 18 = 2⁵ × (5 × 6 × 7 × 8 × 9) = 2⁵ × 9! / 4!. Raba na farko da na biyu. Rabawa da 9! / 4! kuwa ninkawa ce da 4! / 9!:

9 × 11 × 13 × 15 × 17 = (18! × 4!) / (2⁵ × 9! × 8!)

Amsar 328 185 ce, kuna iya tabbatarwa da ninkawa kai tsaye: 99, sai 1 287, sai 19 305, sai 328 185. Akwai ƙa'ida ta gaba ɗaya mai haruffa biyu, m da n, na farkon layi da ƙarshensa, amma ban ba kowa shawarar haddace ta ba. Haruffa biyu da faktoriyel huɗu sun yi wa ƙwaƙwalwa yawa a zauren jarrabawa, alhali cike gurabe layi uku ne.

Wani lokaci kuma lambobin mara kan zo da mayafi. 3 × 9 × 15 × 21, in ka fitar da 3 daga kowace, ya zama 3⁴ × (1 × 3 × 5 × 7) = 81 × 105 = 8 505. Haka 1/2 × 3/2 × 5/2 × … × (2n − 1)/2: sama ninkin mara ne, ƙasa wani 2ⁿ ne daban, haɗuwarsu ta ba da (2n)! / (4ⁿ × n!). Wannan na ƙarshen yana fitowa in kana ta maimaita deribe na √x ko na 1/√x.

Abin da lambar take ƙirgawa: misali daga filin kokowa

Har yanzu wasa muke da alamomi. Bari mu ga ma'anar abin, domin ni a ganina wanda ya fahimci wannan sashe ba zai ƙara mance inda 2ⁿ da n! suka fito ba.

A gasar takobin ƙasa, kowace jiha cikin jihohi 8 na Nijar ƴan kokowa 10 take kaiwa. Mu ɗauka goman Maraɗi sun taru don atisaye a filin kokowar da ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya ci takobin farko a Tawa a 1975. Mai horar da su yana so ya raba su biyu-biyu, kowa ya kama da wani. Hanya nawa zai iya yin haka?

Ƙirga ta farko. A kira babbansu, ya zaɓi abokin karawa cikin mutum 9. Sun fita, saura 8. A kira babban waɗanda suka rage, yana da zaɓi 7. Saura 6, babbansu yana da zaɓi 5. Saura 4, zaɓi 3. Biyun ƙarshe ba su da zaɓi, 1. Jimla: 9 × 7 × 5 × 3 × 1 = 945.

Ƙirga ta biyu. A jera su goman a sahu guda, na ɗaya ya kama da na biyu, na uku da na huɗu, haka har ƙarshe. Sahun mutum 10 ana iya jera shi ta hanya 10!. Amma sahu da yawa rabo iri ɗaya suke bayarwa. In mutum biyun da za su kara suka yi musayar wuri, karawar ba ta canza ba. Kowane kamu yana da irin wannan juyi 2, kamu biyar kuwa 2⁵. Sannan ko wane kamu ne ya tsaya a gaba, wane ne a baya, rabon dai shi ne. Jera kamu biyar hanya 5! ce. Ashe kowane rabo mun ƙirga shi sau 2⁵ × 5!, sai a raba: 10! / (2⁵ × 5!) = 945.

Abu ɗaya muka ƙirga ta hanya biyu, dole amsoshin su zo daidai. Wannan ma hujja ce cikakkiya, ba alli ba allo. Kuma yanzu kowane yanki yana da ma'ana: (2n)! sahun kowa da kowa, 2ⁿ musayar wuri tsakanin abokan karawa, n! jerin karawar. Duk lokacin da wani ya tambaye ku raba mutum 2n biyu-biyu, ko ƴan aji ne a benci, ko ƙungiyoyin ƙwallo a zagayen farko, amsar ke nan.

Mara a sama, cika a ƙasa

Siffar da ta fi fitowa a darasin suwit, wato jerin lambobi, ita ce wannan:

uₙ = (1 × 3 × 5 × … × (2n − 1)) / (2 × 4 × 6 × … × 2n)

Sama mun san shi, (2n)! / (2ⁿ × n!). Ƙasa mun san shi, 2ⁿ × n!. Rabawa ta sa na ƙasan ya zo sau biyu:

uₙ = (2n)! / (4ⁿ × (n!)²)

Ku lura, (n!)² ne, ba (n²)! ba. Ku kuma lura cewa (2n)! / (n!)² shi ne adadin hanyoyin zaɓen abu n cikin 2n, kombinezon ɗin da kuka sani. Don haka uₙ yana da ma'ana mai sauƙi: in ka wurga dala sama sau 2n, shi ne yiwuwar fuska ɗaya ta fito sau n daidai, ɗayar ma sau n. Da wurgi 10, 252 / 1 024 ne, kusan 0,246, daidai da 945 / 3 840. Da wurgi 100, ya sauka zuwa kusan 0,0796. Mutane da yawa suna zaton in wurgi ya yi yawa raba-daidai ya fi sauƙin samuwa. Lissafin ya nuna akasin haka, samun rabi cif sai ƙara wuya yake.

Waɗanda suka wuce sashen kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su sake karo da wannan lamba a entegiral ɗin Wallis. In ka kira Wₖ entegiral na sinᵏ x daga 0 zuwa π/2, ana samun Wₖ = ((k − 1) / k) × Wₖ₋₂. Ka fara daga W₀ = π/2, sai W₂ = (1/2) × π/2, sai W₄ = (3/4) × (1/2) × π/2 = 3π/16. Ga mara na taruwa a sama, cika a ƙasa, don haka W₂ₙ = uₙ × π/2. Sunan ya samo asali ne daga John Wallis na Ingila, wanda a 1656 ya wallafa cewa π/2 = (2/1) × (2/3) × (4/3) × (4/5) × (6/5) × (6/7) × … ba iyaka. Har yau abin yana burge ni: daga cika da mara kawai, sai ga lambar da'ira ta fito.

Alama biyu a jere

A wasu littattafai da shafukan intanet za ku ga an rubuta 9!! da alamar motsin rai biyu. Gajeriyar hanya ce ta rubuta 9 × 7 × 5 × 3 × 1, wato ana sauka da biyu-biyu. Don haka (2n − 1)!! shi ne dai ninkinmu, (2n)!! kuma 2ⁿ × n!. Ba faktoriyel sau biyu ba ne: 3!! = 3, amma (3!)! = 6! = 720. A kwafin bak, in tambayar ba ta shigo da wannan alama ba, ku rubuta layin da ɗigo uku yadda aka saba, ko ku fayyace abin da kuke nufi da ita.

In na'ura ta ƙi

Yawancin kalkilatiris ɗin da ɗalibai ke riƙewa suna tsayawa a 69!, domin 70! ya haura 10¹⁰⁰. To in aka ce ka ƙiyasta 1 × 3 × … × 99, ka danna 100!, na'urar za ta nuna kuskure, alhali amsar kanta ba ta kai can ba, kusan 2,7 × 10⁷⁸ ce. Mafita ita ce ka kauce wa babban faktoriyel ɗin: (2n)! / n! daidai yake da kombinezon na n cikin 2n a ninka da n!. Ka nemi kombinezon na 50 cikin 100, kusan 1,009 × 10²⁹, ka ninka da 50!, ka raba da 2⁵⁰. Da wannan hanyar za ka gano cewa raba ƴan kokowa 80 biyu-biyu yana da hanyoyi kusan 8 × 10⁵⁸.

Wannan rubutu na (2n)! / n! yana ɗauke da wata kyauta. Shi ne (n + 1) × (n + 2) × … × 2n, kuma ƙa'idarmu ta ce daidai yake da 2ⁿ a ninka da lambar mara. Ke nan 2 tana raba shi sau n cif, ba ƙari ba ragi. Misali 6 × 7 × 8 × 9 × 10 = 30 240 = 32 × 945. Ƴan seri C, wannan tambayar aritmetik ce da amsarta ta zo muku a kyauta.

In kuma ƙiyasi kawai ake so, ƙa'idar Stirling ta 1730 tana ba da √2 × (2n/e)ⁿ. Da n = 5 ta ba da kusan 953, ainihin kuwa 945, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Inda hanyar ta tsaya

Wani ɗalibi mai kaifin kai ya taɓa ce mini: "Mushe, to 1 × 4 × 7 × 10 fa? Sai mu cike shi ma." Mun gwada tare a allo. Gurabe biyu ne tsakanin kowace lamba da ta gabanta. Layin 3, 6, 9, 12 ya ba da 3⁴ × 4! lafiya lau, amma layin 2, 5, 8, 11 ya tsaya mana, ba wata lamba guda da za a fitar daga cikinsu a bar 1, 2, 3, 4. Abin da ya sa aikinmu ya yiwu a lambobin mara shi ne gurbi ɗaya ne tak a tsakani, kuma duk masu cike shi ƴaƴan 2 ne. In tazarar ta kai 3, abin da aka aro ba ya biyuwa da faktoriyel na yau da kullum, sai an shiga fonksiyon gamma, wadda karatun jami'a ce. Saboda haka kafin ka fara cikewa, ka duba tazarar layinka.

Ga na gwaji a gida, ku yi shi ba tare da duba sama ba: 21 × 23 × 25 × … × 49. Ku fara ƙirgawa, lambobi 15 ne. Ku cike da 22, 24, har 50, sama ya zama 50! / 20!. Ku fitar da 2 daga kowace lambar aro, ƙasa ya zama 2¹⁵ × 25! / 10!. Wanda ya bi matakan zai sauka a kan (50! × 10!) / (2¹⁵ × 25! × 20!). In puwisans ɗin 2 naka bai zo 15 ba, koma mataki na farko ka sake ƙirga lambobin.